Ƙwaƙwalwar awo: a jikin na'ura ko a tafin hannu?

Duk safiyon da ya tara kuɗin sayen na'urar awon fili a Kano, dillali kan tare shi da tambaya guda: zai wadatu da manhajar da ke jikin na'urar, ko zai ƙara kuɗi ya haɗa da 'yar kwamfutar hannu mai tattara bayanai? Matasan da suka fito daga makaranta sukan ɗauka batun gayu ne. Waɗanda suka daɗe suna aiki tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni sun san batun iyaka ne, ita kuwa iyaka tana raba 'yan uwa ciki ɗaya.

Na'urar da ma'aikata ke kira total siteshan, wadda ake kafawa kan ƙafafu uku, abu biyu take aunawa: kusurwa da nisa. Tana harba haske zuwa madubin da yaron aiki ke riƙe da shi a kan sanda, hasken ya dawo, ta lissafa. Sauran aikin na ƙwaƙwalwa ne, wato adana lambobin, sa wa kowane ɗigo suna, da mayar da su taswira. Na'urorin Leica da Topcon da Sokkia da South duk suna zuwa da wannan ƙwaƙwalwa a jikinsu. Kwamfutar hannu kuwa, irin TSC3 ta Trimble, tana karɓar lambobin ta waya ko ta Bluetooth, ta yi lissafin a hannun ma'aikaci.

Hujjar mai tsayawa kan ta jikin na'ura tana da ƙarfi. Batir ɗaya zai yi wa caji, a garin da wutar lantarki ba ta da alƙawari. Babu wayar da za ta tsinke, babu haɗin da zai yanke ana tsakiyar aiki, babu ƙarin allon da ranar Afrilu za ta gasa ko ƙurar hunturu ta toshe wa kafofi. Ga fuloti mai ƙafa 50 da 100, wanda kusurwa huɗu ce kawai gare shi, wannan ya isa har da saura. Aibinta shi ne ƙanƙantar allo, da kuma cewa kowace dannawa taɓa na'urar ce. Wanda ya kafa ƙafafun a kan ƙasa mai laushi a bakin kwata, ya yi ta danne-danne da yatsa mai nauyi, yana iya gusar da daidaiton ba tare da ya lura ba.

Yanayin Tarauni ne ke sa lissafin ya canza. A lungunan Gyadi-Gyadi, bayan Titin Zariya da kewayen Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, gidaje sun matsi juna, rufin kwano da katangu suna karkatar da saƙon tauraron ɗan'adam, don haka na'urar GPS kan ba da lambar da ba za a rantse a kanta ba. A nan dole a koma ga madubi da hangen ido. Amma turakun da za a ɗora awon a kansu, sau da yawa da GPS ake kafa su a fili mai sarari, can bakin babban titi. Aiki ɗaya ke nan, na'ura biyu. Kwamfutar hannu tana magana da dukansu, ta ajiye komai a fayil guda. In babu ita, sai a kwafi lambobi daga wannan allo zuwa wancan, kuma a wajen kwafi ne 6 ke zama 9.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su a kan ma'aunin Minna, GPS kuwa da WGS84 take lissafi, kuma tazarar da ke tsakaninsu a ƙasa takan kai gomman mitoci. Kano tana shiyya ta 32 a tsarin UTM. Idan aka saita na'ura ɗaya a kan wannan ma'auni, ɗayar a kan wancan, fulotin mutum yana iya sauka a tsakar gidan maƙwabcinsa, a takarda. Unguwannin da suka faro daga awon igiya ba su da sararin ɗaukar kuskuren ko da taku ɗaya, balle wannan. Takardar kuma tana ɗauke da hatimin safiyon da hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ta yi wa rajista. Shi za a kira idan hukumar KANGIS ta ga fili ya hau kan fili, ko magana ta kai gaban alƙali.

Ƙaramin ofishin da abincinsa awon gidajen gado ne da fulotai ɗai-ɗai, gara ya bar kwamfutar hannu, ya sa kuɗin a batir na biyu da kai na'urar a duba daidaitonta a kai a kai. Farashin kayan da dala yake tafiya, wasu manhajojin ma sai an biya lasisi daban. Wanda kuwa ke haɗa GPS da madubi a yini guda, ko yake fitar da turakun titi da magudanar ruwa inda ɗigo ke kai ɗaruruwa, kwamfutar hannu za ta biya kuɗinta. Kafin ya biya, ya sa dillali ya haɗa ta da tasa na'urar a gabansa, ya auna turke biyu da ya riga ya san lambobinsu, ya kuma tabbatar tana ajiye ainihin kusurwa da nisan da aka auna, don da su ake sake lissafi ranar da maƙwabci ya ce an ci masa iyaka.