Gulbin Maraɗi: ruwan da ke gudu ƙarƙashin rairayi

Baƙon da ya sauka Maraɗi da rani, in aka nuna masa gulbi, ba zai ga komi ba sai farin rairayi da sawun shanu. Amma wannan rairayi shi ne uwar ƙasar.

Gulbin yana tasowa daga ƙasar Katsina, cikin Najeriya, inda ake ce masa Gada. Yana shigowa Nijar ta ƙasar Madarunfa, ya bi ta Jiratawa, ya ratsa gefen Maraɗi, ya wuce Tsibiri da Gidan Rumji, sa'annan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. In ya cika ya batse, sai ya shimfiɗa laka bisa fadama, ya bar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, inda gajeruwar rijiya ke iske shi.

Wannan fadama ta karɓi Katsinawa da Gobirawa bayan jihadi, suka kafa Maraɗi da Tsibiri cikin duhun itatuwanta. Amma gulbi ba ya da amini: ambaliyar 1945 ta cinye tsohon birnin Maraɗi, mutane suka hau tudu, inda garin yake yau.

Ƙauyukan bakin gulbi gona biyu gare su. A jigawa ana shuka hatsi da wake da gujiya, a jira sama. A fadama kuwa, in damina ta wuce, sai dawa da tumatir da albasa da zogale, ga inuwar mangwaro. Shekarar da jigawa ta ƙi, fadama ke rufa asirin gida, ta hana samari tafiya cin rani.

Tun da aka gina madatsar Jibiya a ɓangaren Najeriya, ruwan da ke isowa ya dogara ga abin da aka saki. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya, har da na wannan gulbi. Sai dai takarda ba ta cika rijiya. Manomin Jiratawa yana auna wannan alkawari ne da tsawon igiyar gugansa, kuma duk gaba ɗaya da ya ƙara wa igiyar, ɗan kasuwar Maraɗi zai ji ta a kuɗin kwandon tumatir.