Da safe gona a Wagini, da yamma bakin ruwan Zobe

'Yar uwa, ko naki yaran sun san inda gyaɗa take fitowa? Autana ne ya tambaye ni ko a bishiya ake tsinkota, alhali kakarsa tana Wagini, cikin ƙasar Batsari, ta tsufa da fartanya a hannu. Kunya ta kama ni. Da na samu hutun kwana biyu daga asibiti bayan kaka, na ce sai mun je.

Ba zan ɓoye miki ba, gabana ya faɗi. Wagini tana bakin dajin Rugu, kin kuma san irin wuyar da mutanen yankin suka sha a hannun 'yan bindiga. Sai da na kira gida har sau uku, suka ce hanya lafiya, tukuna muka shiga mota. Ke ma kada ki tashi sai 'yan gari sun ce ki zo, kuma kada magariba ta same ki a hanya.

Da hantsi muna gona. Ƙanen babansu ya kama gindin rogo ya girgiza, ya finciko, ƙasa ta tsage, sai ga saiwoyi kamar damtsen mutum. Yaran suka yi tsit. Aka gasa musu a garwashi suka ci da ƙuli, baki duk toka. Hajiya kuwa ta zaunar da autan kusa da tarin harawa, ta nuna masa sauran kwanson gyaɗa a jikin saiwa, tana cewa, "Ɗan birni, ga bishiyar taka." Har yanzu yayyensa da haka suke tsokanarsa.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da Zobe. Bayan azahar muka bi ta Batsari da Safana zuwa Dutsin-Ma, inda aka tare kogin Karaɗuwa aka gama madatsar a 1983. Ruwa ne iya ganinki. Balbelu fari fat suna bin shanu a gaɓa, zalɓe yana tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, sai can ya kai cafka. Wani masunci da ke kwance karfasa daga koma ya ce da sanyi tsuntsayen sun fi haka yawa, har da baƙi masu tasowa daga Turai. Babbar 'yata ta ƙi yarda tsuntsu zai ƙetare hamada ba guzuri.

Sun so shiga ruwan, na hana. Na sha ganin yara masu fitsarin jini saboda tsargiya, kuma a irin wannan ruwa mai kwanciya ake ɗaukarta. Autan ya yi fushi har muka shiga mota, barci ya kwashe shi da guntun rogo a hannu.