Kututturen Ayaba da Harsashin Kakana

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya raba mana takardun da ya ciro daga mujallun Ingilishi daban-daban, ya ce kowa ya mayar da tasa zuwa Hausa cikin mako biyu. Wani ya sami ta noman rani, wata ta sami ta zazzaɓin cizon sauro. Ni kuwa da na duba tawa, sai na ga bayani ne a kan yadda maharban Amurka ke gwada harsashi kafin su fita farautar dabbobi matsakaita, irin su barewa da aladen daji. Abokan karatuna suka yi ta tsokanata, wai Bayarabe da ƙyar yake bambance "ƙ" da "k", ga shi an haɗa shi da harsashi. Ban tanka musu ba. Abin da ba su sani ba shi ne, tun ina ɗan shekara 13 na san wannan gwaji, kuma har yau ba na jin daɗin tuna yadda na san shi.

Kakana na wajen uwa maharbi ne a yankin Oke-Ogun, arewacin jihar Oyo, inda kurmi ke ƙarewa dajin ciyawa ya fara. Bindigarsa ita ce wadda muke kira shakabula, Hausawa kuma su ce bindigar toka, ko harba-ka-ruga idan da zolaya. Sau ɗaya ake harba ta, sai an tsaya an sake yi mata ɗuri ta baki, saboda haka harbin farko shi ne na ƙarshe. Baba Agba, kamar yadda muke kiransa, yana da ƙwayoyin dalma iri biyu: ƙanana kamar ƙwayar dawa don zabi da kurege, da manya kamar gujiya don gada da mazo da gadu. Aikina idan na je hutu shi ne in ƙulla masa su a 'yan tsummoki, kowane ƙulli harbi ɗaya.

Wata rana da yamma, lokacin hunturu, ya ce in ƙulla masa manya. Na duba na ga biyu kacal suka rage. Sauran suna gidan kawuna a ɗaya gefen gari, ga kuma yara sun fara buga ƙwallo a fili. Sai na sa manyan nan biyu, na cike da ƙanana, na ƙulle tamau, na tafi wasana.

Kafin asuba muka fita, ya yi ɗuri a cikin duhu. Gari na wayewa muka ga mazo a bakin rafi, namiji, mai murɗaɗɗen ƙaho da ɗigon fari a cinya. Bai fi taki 30 tsakaninmu ba. Baba Agba ya saita bayan kafaɗa ya ja kunama. Da hayaƙi ya washe na ga mazon ya durƙusa, har na fara murna, sai ya miƙe ya faɗa sarƙaƙiya. Muka bi ɗigon jini a kan ganye har rana ta take, jinin yana raguwa, daga ƙarshe ya ɓace mana.

A rana ta huɗu ungulu suka nuna mana inda yake. Ya riga ya fara ruɓa, kuma daga yadda ya tumurmushe ciyawar wurin an san bai mutu da wuri ba. Raunin kafaɗarsa faffaɗa ne amma ba zurfi, duk tsutsa. Baba Agba ya tsuguna ya sa wuƙa, ya ciro ƙananan ƙwayoyin da suka maƙale a jikin ƙashi. Ya zuba su a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Bai dube ni ba, bai ce komai ba, ni ma na yi shiru.

Kashegari ya sa ni na saro kututturen ayaba uku a fadama, na yi ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ruwansu na bi mini wuya. Wanda bai taɓa ɗaukar kututturen ayaba ba bai san nauyi ba. Ya jera su a gindin wani tudu, ya ɗaura allon kafaɗar sa da guntun ƙirgi da ya samo wurin mahauta a jikin na gaba. Ya harba da ƙanana, ya sake ɗuri ya harba da manya. Da muka duba, ƙananan duk sun tsaya a fata da ƙashi. Manyan kuwa sun fasa ƙashin, sun ratsa kututture na farko, sun shiga na biyu. Ya zaro tsinken tsintsiya yana zurawa a kowane rami yana auna zurfinsa da yatsa, ya ce in riƙa faɗa masa yatsu nawa ne.

To, 'yan'uwana ɗalibai, da na zauna yin fassara sai na tarar tambayar Baba Agba ce Turawan nan suke yi, kayan aikin ne kawai suka bambanta. Harsashin bindigarsu guda ɗaya ne, dalma a ciki, jan ƙarfe a waje. Nauyinsa kimanin giram 10 ne, amma yakan fita da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa guda. Abu biyu suke nema a wurinsa, kuma biyun kishiyoyin juna ne. Suna so ya buɗe idan ya shiga nama, domin raunin ya yi faɗi dabba ta mutu nan take. Suna kuma so ya yi zurfi har ya kai huhu da zuciya. Wanda ya buɗe da wuri yakan tarwatse a kafaɗa, kamar abin da ya sami mazonmu. Wanda ya ƙi buɗewa yakan wuce kamar allura, dabba ta gudu da shi.

Wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya gamu da matsala ta farko a 1946 a yammacin Kanada, sa'ad da harsasansa suka kasa ratsa kafaɗar wata ƙatuwar dabba da suke kira mus, wadda laka ta bushe a jikinta. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai shamaki a tsakiya, gaba ya buɗe, baya ya tsaya daram ya ci gaba da tafiya. A 1948 ya fara sayar da shi. Wani abin mamaki kuma, harsashi mai buɗewa an hana amfani da shi a yaƙi tun yarjejeniyar birnin Heg ta 1899, amma a farauta shi ake so, domin ya fi rage wa dabba wahala.

Maimakon ayaba, su jelatin suke amfani da shi. Na daɗe ina neman yadda zan bayyana shi, sai na tuna romon ƙafar saniya idan ya kwana ya daskare, kuma asalinsu ɗaya ne, fata da ƙashi. Sukan dama kashi 10 cikin 100 da ruwa, su sanyaya shi, su harba, sannan su auna zurfin ramin, da faɗin harsashin, da nauyin da ya rage masa. Marasa hali kuma sukan jiƙa tsofaffin jaridu. Siffar harsashin da ya buɗe na fassara ta da "laimar kwaɗi", kuma malam ya yarda, ko da yake ya ja mini jan layi a wurare bakwai saboda na mai da harsashi mace. A ganina gwajin kakana ya fi na wasunsu ta fuska ɗaya, domin shi bai manta da ƙashi ba, kuma ba a taɓa yin mazo mara kafaɗa ba.

Akwai abin da Baba Agba bai auna ba, ni ma sai yanzu na sani. Dalmar da ta ɓantare daga harsashi a cikin nama take zama. Muna yara idan haƙori ya ci karo da ƙwaya a cikin miya, tofarwa muke yi mu ci gaba da ci. Duk wanda ya ji labarin gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta fito daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, ya san ba abin wasa ba ce. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, maharbanta da yawa sun koma na jan ƙarfe zalla.

Da na je gida hutun da ya wuce, na sami Baba Agba a zaune a ƙofar ɗakinsa. Ya daina shiga daji, idanunsa sun yi rauni, bindigar na rataye a bango. Na ba shi labarin fassarar, sannan na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ƙullin nan na ranar mazo, ni na cika shi da ƙanana."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaro, ga ƙannen uwarka ƙarti huɗu a gidan nan a lokacin. Kana tsammanin don me na sa ka kai kaɗai ka ɗauko ayabar?"