Ciwon Ɓarin Kai Da Alluran Mutanen Sin

 In kina cikin masu fama da ciwon ɓarin kai, ba sai na yi miki dogon bayani ba. Kin san yadda gefen kai yake sara, zuciya tana tashi, hasken taga da kukan yaro su zame miki azaba, ga girki yana jira. Abin takaicin ma, sai a ce raki ne. Wallahi ba raki ba ne. Mata sun ninka maza kusan sau uku a wannan ciwo, kuma da yawanmu yakan taso mana ne dab da al'ada.

Likitoci sun gano cewa idan ciwon ya motsa, wata babbar jijiya ta fuska da kai takan saki sinadarin da ake kira CGRP. Shi ne yake buɗa hanyoyin jini na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya haddasa kumburi, sai sara ta biyo baya.

Ni kaina na shekara goma a cikin wannan hali. A 2018 na raka maigida sarin kaya birnin Gwanzu na ƙasar Sin, muka yi wata biyu. A can aka kai ni wani asibiti inda ake magani da allura, hikimar da suka gada sama da shekara 2,000. Alluran siraran gaske ne, babu ruwan magani a cikinsu, kuma ba a fitar da jini irin na ƙaho. Aka kakkafa mini su a kai, wuya, hannu da ƙafa, na kwanta rabin awa. Sau 10 na je. Da nakan kwanta kwana 8 a wata, sai ya koma 4. Bai tafi gaba ɗaya ba, amma ke ma kin san darajar kwana 4 a wurin mai 'ya'ya.

Ba ni kaɗai ba ce. A 2016 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara bincike 22 da aka yi a kan mutum kusan 5,000. Cikin waɗanda aka yi wa allurar, kashi 41 bisa 100 ciwonsu ya ragu da rabi, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 17 ne. Maganar rage kumburi kuma, an fi ganin ta a gwajin dabbobi da wasu ƙananan bincike, inda sinadarin nan ya ragu bayan allurar. A Ingila, hukumar NICE ta yarda a gwada ta har sau 10 idan ƙwayoyin rigakafi ba su karɓi mutum ba.

Don haka ki ɗauke ta a matsayin rigakafi, ba madadin likita ba. Ki samu littafi ki riƙa rubuta ranakun ciwon, da shi za ki gane ko akwai sauƙi. Kada ki yarda sai da ƙwararre, kuma a ɓare sabuwar allura a gabanki, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. In kina da juna biyu, ki faɗa tun kafin a fara. Shan maganin ciwon kai kwana 15 a wata kuwa, shi kansa yana jawo wani ciwon kan.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.