Abin da Na Ji a Bakin Burtali

Kafin in shiga labarina bari in yi miki wata tambaya, ki kuma ba kanki amsa tsakaninki da Allah. Yaushe rabon da ki jera da maigidanki ku yi tafiyar ƙafa ko ta rabin awa ce, alhali ba asibiti za ku ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba kuma mota ce ta mace muku a hanya ba? Idan kin yi dariya ban ga laifinki ba, domin ni ma shekara 14 na yi a ɗakina ban taɓa yi ba. A wurinmu mace ba ta jerawa da mijinta. Shi yana gaba, ke kina baya da goyo da jaka, idan kuwa aka gan ku kafaɗa da kafaɗa, kafin ku dawo gida an raɗa masa suna mijin-tace.

A Kano muke zaune, Allah ya ba mu 'ya'ya uku: Ummi, wadda ta ci sunan surukata, sai Halifa, sai auta Sadiya. Maigidana ɗan kasuwa ne, yadi da atamfa yake sayarwa, kuma mafi yawan masu sarin kayansa daga Nijar da Chadi da Kamaru suke zuwa. Ba mai yawan magana ba ne tun asali, amma a shekarar 2019 sai shirunsa ya sauya launi. Ya dawo bayan Isha'i, ya yi loma biyu ya ture kwano. Waya ta yi ƙara ya tashi ya fita ƙofar gida yana magana ƙasa-ƙasa. In na ce lafiya, ya ce lafiya lau.

Kin dai san hukuncin da ƙawaye ke yankewa a irin wannan hali. Ko numfashi ban gama ba suka ce, “Aure zai ƙara, ki shirya.” Ni kuma na hau na zauna. Da farko na shiga gyara, lalle da kitso da turaren wuta da girki kala-kala, bawan Allah ko lura bai yi ba. Da na ga haka sai na koma fushi. Gaisuwa ta zama ta ciki-ciki, abinci in ajiye in bar wurin, da dare in juya masa baya. Wata huɗu muka yi a haka, a gida ɗaya, kamar baƙin da suka haɗu a tasha.

Ana cikin haka jiri ya kwashe shi a kasuwa. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri da magi, sannan ya riƙa tafiyar ƙafa ta minti 30 aƙalla kwana biyar a mako. Kwana uku ya gwada a unguwa ya haƙura. Duk ɗan adaidaita sahun da ya gan shi sai ya tsaya, duk maƙwabcin da ya haɗu da shi sai ya ce, “Alhaji lafiya? Ina motar?” Ga ƙura, ga kwata, ga babura. Mu a birni wanda ya mallaki abin hawa in aka gan shi a ƙasa, to karaya ake zato.

Mahaifiyarsa, da muke kira Inna, tana wani ƙauye ne a ƙasar Bunkure. Hanyar Zariya ake bi, a wuce Kura sannan a ratse. Duk mako biyu muna zuwa gaishe ta, kuma kullum tsarin ɗaya ne, shi yana zaure da maza, ni ina ɗaki da mata, yara suna tsakar gida suna ƙorafin babu wuta. Wata Asabar a watan Oktoba, bayan an yi La'asar, ya leƙo ya ce wa Inna zai zagaya gona. Halifa ya ce zai bi shi. Auta ta fashe da kuka ita ma sai ta je. Sai na ji bakina ya ce, “Bari in zo in riƙe ta.” Ba zan ɓoye miki ba, ba son gona ne ya tashe ni ba, so nake in ga wa zai kira in ya yi nisa da gida.

Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke 'yar nan, ina za ki da wannan hijabin mai sharar ƙasa? Gona ai ba gidan biki ba ce.” Ta juya kan Ummi ta ce, “Kishiya, bi su, ko kya san inda tuwo ke fitowa.”

Mun fita ta bayan gari muka kama burtali, wato hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki. Damina ta yi sallama, an riga an girbe gero, ga dammuna jingine ana jiran amalanke. Dawa kuwa tana tsaye ta fi tsawon mutum, zangarniya ta yi nauyi tana sunkuyo, wake ya yi yaɗo a ƙarƙashinta. Can gefe wasu na cirar gyaɗa, muka yi musu barka da aiki, wani dattijo ya ɗebo mana ɗanya cike da hularsa ya ce a ba yara. Iskar ma daban ce, ƙamshin ƙasa da na ciyawar da ta fara bushewa, babu hon babu janareto, sai kukan kurciya.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne mutumin da ke tafe a gabana. Wannan da ke shigowa gida kamar an yi masa dole, sai ga shi yana tsalle yana kaɗo wa auta reshe. Ya tsayar da yara a gindin wata bishiya ya ce wa zai faɗi sunanta. Shiru. Ummi da ke cin kyautar Turanci a makaranta ba ta san ɗorawa ba, Halifa kuwa ya rantse shi a kamfani ya ɗauka ake yin daddawa. Uban ya yi dariya har da riƙe ciki, dariyar da na manta yana da ita, ya zauna a kan saiwa yana yi musu bayanin yadda ake fitar da kalwa, a dafa, a surfa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta yi warin nan da suke toshe wa hanci. Ya nuna musu kanya da 'ya'yanta ba su kai ga nuna ba, ya ce sai sanyi ya shigo. Ya nuna musu magarya da marke da kuka.

Da muka zo kan gawo sai ya daɗe. Ya ce su dube shi da kyau, duk itatuwa suna shirin zubar da ganye shi kuwa yanzu yake fitar da sabo. Da damina, lokacin da kowa ya yi kore, shi tsirara yake tsayawa, shi ya sa ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da awaki ke rububi. Ya ce manomin kirki ba ya sare gawo, kuma ya nuna musu yadda dawar da ke gindinsa ta fi sauran kauri. Ni da nake da takardar koyarwa a akwati, ranar na fara sanin haka.

Daga nan muka gangara bakin kanal ɗin da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974. Ya ce da wannan ruwan ne yankinsu ya zama na shinkafa da alkama da tumatir, har motoci ke cika a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir. Ya nuna wa Halifa inda ya koyi iyo a ɓoye, da inda mahaifinsa ya kama shi ya zane shi da tsumagiya. Garken shanu ya zo wucewa, balbelu na biye, yaran suka ruga kallo. Muka rage daga ni sai shi, muna tafe a jere, kowa na kallon gabansa.

Bai kira kowa a waya ba. Sai ji na yi ya ce, “Maman Ummi, kin ga daga waccan tsamiyar zuwa gawon da muka baro? Ita ce rabona a gadon Baba. Kallon ƙarshe na zo yi mata, ranar Laraba mai saye zai zo.”

Ƙafata ta yi sanyi. Bai tsaya ba, ni ma ban tsaya ba, yana tafe yana faɗa. Tun farkon shekara wani abokin huldarsa ya karɓi kaya masu yawa ya ɓace. Yana cikin lallaɓa wannan ramin, a watan Agusta aka rufe iyakokin ƙasa, waɗanda suka ɗauki kaya bashi daga ƙetare suka daina zuwa, masu kaya kuma suka taso shi a gaba. Wayar da yake fita amsawa a ƙofar gida ta masu bin bashi ce. Ko Inna ba ta sani ba.

'Yar'uwa, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutum yana nutsewa a gefena, ni ina can ina lissafin ɗakin da za a saka amarya. Na ce, “Baban Ummi, me ya hana ka faɗa mini?” Ya ce, “A ina? A falo gaban talabijin da yara, ko a ɗakin da kike ba ni baya?” Ya ɗan yi shiru sannan ya ƙara da cewa, “Kuma da kina kallon idona da ba zan iya ba.”

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta sa nake rubuta miki wannan takarda. Mun taso da kunya, mazanmu kuma an tarbiyyantar da su a kan cewa namiji ba ya kai kukansa cikin gida. Idan kika zaunar da shi kika ce “zo mu yi magana,” kin kafa masa kotu, sai ya kare kansa ko ya tashi. Amma a tafe, ido na kan hanya, ƙafa na aiki, babu mai sallama babu mai leƙowa, maganar da ta fi ƙarfin zama sai ta zubo da kanta. Ban karanta wannan a littafi ba, gani na yi. Masu cewa jerawa da miji baƙon abu ne kuwa, su tambayi malamai, ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan jera da Nana A'isha a halin tafiya da dare yana hira da ita, har tsere sun yi sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu.

Ba a sayar da gonar ba. A daren muka gaya wa Inna, ta yi faɗa sosai, ba don bashin ba, don ɓoyewar. Aka ba wani ɗan'uwansu hayar gonar na shekara uku ya biya gaba ɗaya, ni kuma na fito da sarƙata da 'yan kunne na gwal da kuɗin adashina. Sai da muka yi kwana biyu muna ja kafin ya karɓa. Ba su biya bashin duka ba, sun dai sa masu kaya sun yi haƙuri, kuma sai da muka sha wuya har bayan da aka buɗe iyakokin a Disambar 2020. Sarƙar har yau bai mayar mini ba, nakan kuma tuna masa duk sanda na ga ya ɗinka sabuwar shadda.

Tun daga ranar zagayen gona ya zama namu. Yara sun san shamuwa in ta iso damina ta ƙarato, sun san tafasa da lalo, sun ci tumu, sun sha kanya har ciki ya ɗaure. A wannan burtalin ne, lokacin tana da shekara 16, Ummi ta rage sauri har mazan suka yi gaba, ta gaya mini akwai wani magidanci da ke tare ta a hanyar Islamiyya yana ba ta lambar waya. Wata biyu tana ɗauke da abin, kullum muna tare a kicin, ba ta iya faɗa ba sai a nan. Ubanta ya yi wa tufkar hanci cikin mako guda.

Na san ba kowa ke da wannan damar ba. Akwai 'yan'uwanmu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da gonakinsu ma sun gagare su zuwa saboda 'yan bindiga, Allah ya kawo musu ɗauki. Mu ma ba ma fita sai an tambayi mutanen gari, ba ma nisa, kuma kafin kiran Magariba muna gida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 zuwanmu ya koma sau ɗaya a wata. Wadda ba ta da ƙauye, bayan gari ma ya isa, ko'ina ne in dai akwai hanya da shiru. Sai dai ki sa takalmi rufaffe da safa saboda ƙaya da maciji, musamman da kaka, ki hana yara shiga shuka ko tsinkar abin mutane ba izini. Hijabi kuma daidai gwiwa ya wadatar a kan zane mai kauri, domin Inna ta yi gaskiya. Ranar farko da muka dawo, tun daga gefen hijabina har zanena karangiya ce ta yi dafifi, auta ma har a kitso.

Inna ta shimfiɗa tabarma ta ce in zauna, ta jawo fitila tana cire mini ɗaya bayan ɗaya tana mita. A watan jiya da muka tashi fita bayan La'asar, sai ga ta ta fito da sandarta da mayafi. Halifa ya ce, “Tsohuwa, ina zuwa?” Ta ce, “Maigida, wuce mu je, so nake in ga ko kanyar bakin kanal ta nuna.”