Kunya Ba Ta Maganin Ciwo

Ni 'yar Yakasai ce, a cikin birnin Kano. Ina da yaya wadda ta shekara uku a ɗakin mijinta ba ta ko yi ɓatan wata ba. Ashe tun tana amarya take fama da ciwon mara da ƙaiƙayi da fitar ruwa mai ƙarni, amma kunya ta hana ta faɗa wa Inna. Wata tsohuwa ta ce sanyi ne, ta ba ta garin magani da alif ta riƙa matsi. Ciwo kuwa sai gaba yake yi.

Da abin ya tsananta, Inna ta kai ta Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, ni ce 'yar rakiya. Likita ta ce a gaban kowace mace lafiyayya akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido ba ya gani. Su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, har miyagun ƙwayoyi su kasa zama. Wani likita Bajamushe, Doderlein, shi ya gano su a 1892. Matsi da wanke ciki da sabulu suna kashe su, sai miyagun su sami ƙofa. Wasu kuma daga miji ake ɗaukarsu. In an ƙyale su, sukan hau mahaifa su toshe hanyar ƙwai.

Aka ba Yaya magani, aka ce mijinta ma ya sha. Ta warke, amma haihuwa har yau muna roƙon Allah.

Iyayenmu mata, don Allah ku riƙa tambayarmu. 'Yan'uwana ɗalibai, mu kuma mu riƙa faɗa da wuri. Allah ya ba mu lafiya, amin.