Hannun garmaho da dalar kawu

Mai kallon garmaho idonsa na kan faifai, alhali aikin yana ga hannun da ke riƙe da allura. Allurar zamani ba ta son nauyin da ya wuce wajen giram 2. Kawuna a Gidan Amumune babu ruwansa da wannan lissafi. In allura ta yi tsalle a faifan Shata, sai ya ɗaure mata dala a ka, dala kuwa ita kaɗai ta fi giram 2. Tsalle ya daina, amma allura ta yi ta noman faifai. Yau in ka sa shi, kamar ana suyar ƙosai bayan mawaƙin.

Wani injiniyan Amurka, William Firebaugh, ya zo da wata dabara a garmahon Well Tempered. Da zaren nailan ya rataye hannun, gindinsa ƙwallon golf ce tsome cikin man silikon mai kauri kamar zuma. Man ne ke shanye girgiza. In allura ta karkace, ka murɗa marataya kaɗan, ta miƙe.

Wallahi ya burge ni, ƴan uwa, amma ko da kuɗin ba zan saya ba. Kofin mai a garin da hunturu ke cika mana kwanon tuwo da ƙura? Kafin Janairu ya zama kunu. Gara Technics SL-1200, wanda ya fito a 1972: ka juya ƙarfen baya har hannu ya tsaya daidai a iska, ka mai da lamba sifiri, ka murɗa zuwa 2. Mai gyaran rediyo a kasuwar Tasawa zai saita shi kafin shayinsa ya huce.